Wace Hular Kwano Za Ka Saya? Adrian, Brodie, Stahlhelm, M1 da SSh-40 a Kan Sikeli

Mutum iri uku ne suka fi neman hular kwano ta zamanin yaƙe-yaƙen duniya. Akwai mai tara kayan tarihi, akwai mai shirya fim ko wasan dandamali da ke son kayan sojansa su yi daidai da zamanin labarin, sannan akwai malami ko ma'aikacin gidan tarihi da ke neman abin ajiyewa a gaban ɗalibai. Duk wanda ya leƙa kasuwar a intanet zai tarar hula biyar ne suka cika ta: Adrian ta Faransa, Brodie ta Birtaniya, Stahlhelm ta Jamus, M1 ta Amurka da SSh-40 ta Tarayyar Sobiyet. Ido yakan fara sauka a kan ta Jamus saboda kwarjininta, kuma a kanta ne aka fi tafka asara.

A 1914 sojan ƙasa na Faransa da na Birtaniya da hular yadi suka fita yaƙi, na Jamus kuma da hular fata mai tsini a ka, wadda ake kira Pickelhaube. Da faɗa ya koma cikin ramuka, jiki ya ɓuya kai ya rage a fili, sai harsasan igwa masu fashewa a sama suka riƙa zubo dunƙulen dalma da gutsattsarin ƙarfe a kan mutane. Kowace ƙasa ta ƙera hularta gwargwadon raunin da ya fi damun likitocinta da kuma ƙarfin masana'antarta. Shi ya sa siffofin suka bambanta haka.

Abin da za a duba

Na farko, ina hular take rufewa: tsakar ka kaɗai, ko har da kunne da ƙeya. Na biyu, irin ƙarfen, kaurinsa da nauyinsa, domin su ne ke nuna yadda za ta jure tsatsa da faɗuwa, da kuma ko ɗan wasa zai iya yini da ita a kai. Na uku, shafin ciki da maɗaurin haɓa. Su ne ke fara lalacewa, kuma hula mai shafinta na asali takan ninka wadda aka sake wa shafi a kuɗi. Sai farashi, sai yawan jabu a kasuwa. Na ƙarshe, wanda masu fim suka fi sakaci da shi, shi ne wane soja ne ya sa ta, a wane fage, a wace shekara.

Akwai abu ɗaya da duka biyar ɗin suka yi tarayya a kai. Babu wadda ke tare harsashin bindigar soja daga kusa, don gutsattsarin igwa aka yi su. Kuma ko ɗaya ba ta maye gurbin hular babur, saboda ba su da soson da ke shanye bugu idan kai ya daki kwalta.

Adrian ta Faransa

Ita ce ta fara fita da yawa, a 1915, da sunan jami'in da ya tsaya a kan aikinta, August-Louis Adrian. Ƙarfenta mai laushi ne, kaurinsa milimita 0.7, nauyinta bai kai giram 800 ba. Samfurin farko, M15, haɗe-haɗe ne: ƙoƙon kai daban, baki na gaba daban, na baya daban, sai zanko a sama wanda ke rufe ramin shan iska, sai tambari a goshi. Wannan haɗin shi ne rauninta. Ruwa yakan kwanta a gaɓoɓin da kuma ƙarƙashin zankon, tsatsa ta fara ci daga nan, kuma ƙarfen yana lotsewa da ƙaramin bugu. A 1926 aka fitar da M26, ƙoƙo da baki a guntun ƙarfe ɗaya mai ƙarfi, zankon kuma na alminiyam. Da ita sojan Faransa suka shiga yaƙin 1940.

Duk da siririn ƙarfenta, wani gwaji da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka a 2020 ya nuna ta fi takwarorinta na Yaƙin Duniya na Ɗaya rage ƙarfin iskar fashewa da ke sauka daga sama, kuma masu gwajin sun danganta hakan da zankon.

Tambarin goshi ne ke gaya maka rundunar da ta sa ta. Gurneti mai harshen wuta na sojan ƙasa ne, igwa biyu a gicciye na 'yan igwa, jinjirin wata na sojojin Arewacin Afirka, ƙugiyar jirgin ruwa kuma ta rundunonin ƙasashen da Faransa ta mallaka. A cikin waɗannan na ƙarshe ne ake samun sojojin da ake kira Tirailleurs Sénégalais, waɗanda aka ɗebo daga duk faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa, har da Nijar. Hulunansu galibi fentin ruwan ƙasa mai ɗan rawaya ne da su, ba shuɗin sojan Faransa ba. Tunda harsuna biyu ne kawai ke riƙe tambarin, dillalai sukan cire gurneti su maƙala ƙugiya ko wata don kuɗin ya hau. Ka duba fentin da ke kewaye da tambarin: idan inuwar tsohon tambari ba ta yi daidai da wanda ke kai ba, an canza shi.

Brodie ta Birtaniya

John Leopold Brodie ya yi rajistar ƙirarsa a Landan a 1915. Siffarta kamar tasa da aka kife, mai faɗin baki, kuma an zaɓi wannan siffa ne don injin matsa ƙarfe ya fitar da ita a bugu ɗaya daga faranti guda. Ƙarfen shi ne na Hadfield, mai manganis kusan kashi 12 cikin ɗari, kaurinsa kimanin milimita 0.9. Ga wanda ke tsugune a rami ana ruwan dalma daga sama, ta yi aikinta, har kafaɗa bakinta ke ɗan karewa. Amma kunne da ƙeya a buɗe suke, kuma wannan ya zama babban aibi da yaƙi ya fita daga rami ya koma na tafiya. Amurka ta kwaikwaye ta da sunan M1917.

Mk I ita ce ta Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mk II ta fito a 1938, siffar kusan ɗaya, amma shafinta noti ɗaya ne ke riƙe shi a tsakar ka, ana iya kwance shi a canza cikin minti kaɗan, maɗaurin haɓa kuma na yadi ne mai sifirin a ciki. A 1944 aka kawo Mk III mai zurfi wadda ta fi rufe gefe, aka fara amfani da ita lokacin da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Normandi ta Faransa.

Gane ta asali a nan yana da sauƙi fiye da sauran. Ƙarfen Hadfield ba ya kama maganaɗisu. Idan ka ɗora maganaɗisu a kan ƙoƙon ya manne gam, to ko dai kwaikwayo ce ta zamani, ko kuma irin wadda aka yi da ƙarfe mai laushi don 'yan kwana-kwana da masu gadin gari. Waɗannan na gida an huda musu ƙananan ramuka, daga ɗaya zuwa huɗu, a baki kusa da maƙalin maɗauri, don kada a kai su fagen daga. A cikin bakin kuma za ka ga haruffan maƙera da shekara, irin su BMB, JSS ko HBH. Wadda ke da ramuka uku a jere a bakin baya ƙirar Afirka ta Kudu ce, an yi ramukan don rataya ƙyallen tare rana.

Haɗarin Brodie yana cikin shafin Mk I. Yawancinsu suna da faifan asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, a tsakar ka, kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta gargaɗi makarantu kada yara su sa su ko su taɓa su. Ƙurar asbestos ɗin ce ke lalata huhu. Wanda ya sayi Mk I mai shafin asali ya rufe ta a akwatin gilashi, kada ya kakkaɓe cikinta, kada kuma kowa ya ɗora ta a kai.

Stahlhelm ta Jamus

Ita ce ta fi sauran tsari ta fuskar kariya. Friedrich Schwerd na kwalejin fasaha ta Hanoba ne ya zana ta, bisa bayanan raunukan kai da likitan fiɗa August Bier ya tara, aka fara raba ta a fagen daga na Verdun da ke Faransa a farkon 1916. Tana saukowa ta rufe goshi, gefen kai, kunne da ƙeya. Ƙarfenta mai nikel ne, kaurinsa ya ɗan haura milimita 1, nauyinta daga kusan kilo 1 zuwa kilo 1.4 gwargwadon girma. Ƙera ta sai an bi matakai da yawa na matsawa da gasawa, don haka ta fi Brodie cin kuɗi da lokaci. Ƙahonni biyun da ke gefen M16, samfurinta na farko, ramukan iska ne, kuma a kansu ake rataya ƙarin farantin goshi mai nauyi na masu gadi. Sojoji sun koka cewa tana rage ji, shi ya sa aka yi wani nau'in M18 mai yanka a saitin kunne. A watan Yuli na 1918 aka ba da umarnin yi mata fentin ɓad-da-kama: kore, ruwan ƙasa da rawaya, a raba su da baƙin layi mai faɗin yatsa.

Na Yaƙin Duniya na Biyu uku ne, kuma bambancinsu yana nuna yadda masana'antar Jamus ta riƙa gajiya. M35 bakinta a naɗe yake zuwa ciki, ramin iskarta ƙaramin zobe ne da aka sa daban. M40 bakin yana nan a naɗe, amma ramin iskar an buga shi ne a jikin ƙarfen. M42 ko naɗin ba a yi ba, an bar bakin a miƙe da kaifinsa. A ciki akwai haruffan masana'anta haɗe da lambar girma, misali ET64 ko Q66, sai lambar rukunin ƙarfe a wajen ƙeya. Lambar girman ta ƙoƙo ce, ba ta kai ba: 62 na kai mai santimita 54 zuwa 55 ne, 64 na 56 zuwa 57, 66 na 58 zuwa 59, 68 na 60 zuwa 61. Mai fim da bai san wannan ba yakan sayo hular da ba ta shiga kan ɗan wasansa. Shafin fata ne mai harsuna takwas, tara a manyan lambobi, a jikin zoben ƙarfe da kusoshi uku ke riƙewa.

Yanzu ga inda matsalar take. Tambarin mikiya ko na wata runduna a gefen hula yana iya ninka kuɗinta sau da yawa, kuma an shafe shekaru gommai ana buga na jabu ana tsufar da su da hayaƙi da sinadari. Tun 1940 aka daina sa tambarin tutar ƙasa, a 1943 aka daina na runduna, saboda haka M42 mai tambari biyu abin tuhuma ce tun daga nesa. Ban da tambari, akwai hulunan da Finlan, Norway da 'yan sandan iyaka na Jamus ta Yamma suka ci gaba da amfani da su bayan yaƙi, ana sake musu fenti a sayar a matsayin na fagen daga. Akwai ta Sifen mai kama da ita, ƙarfenta siriri, da maƙalin tambari a goshi. Akwai ta 'yan kwana-kwana, marar nauyi, mai ƙananan hudoji da yawa a wurin iska. Akwai kuma waɗanda aka tono daga ƙasa a Gabashin Turai, tsatsa ta huda su, aka cike da ƙullun gyaran mota aka shafe da fenti. Maganaɗisu yana taimakawa a nan ta wata hanya: ƙarfen Jamus yana kama shi, don haka inda ya ƙi kamawa an yi ciko. Ka duba ƙafafun kusoshin shafi, idan akwai alamar an lanƙwasa su an miƙe an sake lanƙwasawa, an taɓa cire shafin. Sannan dokar Jamus da ta Ostiriya ta hana baje alamar Nazi a fili, manyan shafukan gwanjo ma sukan ƙi karɓarta, wanda ke sa sake sayarwa ya yi wuya.

M1 ta Amurka

An amince da ita a 1941, aka ƙera fiye da miliyan 22 kafin ƙarshen yaƙi, mafi yawa a kamfanin McCord na Detroit, ragowar a Schlueter na St. Louis. Hula biyu ce a haɗe: ƙoƙon ƙarfen Hadfield a waje, girmansa ɗaya ga kowa, da wata hula marar nauyi a ciki wadda ke ɗauke da igiyoyin daidaitawa. Duka biyun sun kai kimanin kilo 1.3. Ga mai fim babu kamarta wajen sauƙi, tunda hula ɗaya za ta shiga kan kowa idan an ja igiya.

Da yake an ci gaba da amfani da ita har tsakiyar shekarun 1980, kuma ƙasashe da dama sun kwaikwaye ta, aikin mai saye shi ne raba ta yaƙi da ta bayan yaƙi. Ka duba inda zoben baki ya haɗu: a gaba yake har zuwa ƙarshen 1944, daga nan ya koma baya. Maƙalin maɗauri a kafe yake da walda a farko, a 1943 aka koma mai juyawa saboda na farkon yana karyewa. Fentin lokacin yaƙi da garin toto aka gauraya shi, yana da gurzaɓo manya, na baya kuma da yashi mai laushi. Maɗaurin yaƙi ɗinke yake a jikin maƙali, na baya da ƙarfe ake maƙala shi. Aibin da aka san ta da shi tsagewa ce a tsaye a bayan ƙoƙo, sakamakon zurfin matsawar da aka yi wa ƙarfen. Tsagar ba ta nuna jabu, amma tana rage kuɗi.

SSh-40 ta Sobiyet

Hula ce mai ƙwari, kaurinta milimita 1.2, nauyinta kusan kilo 1.3, girma uku kacal. Ana gane ta da kusoshi shida a ƙasa-ƙasa da matasai uku a ciki, wadda ta gabace ta, SSh-39, kusoshi uku gare ta. An ci gaba da ƙera ta shekaru bayan 1945, don haka mafi yawan na kasuwa na bayan yaƙi ne, kuma hatimin tawada na ciki mai nuna shekara shi ake gogewa ko a sake bugawa. Jan tauraron da ake gani a goshin wasu galibi sabon zane ne.

| Hula | Shekara | Kauri | Nauyi | Inda take rufewa | Kimanin kuɗin ta asali | Jabu |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Adrian M15 | 1915 | 0.7 mm | ƙasa da giram 800 | sama, ɗan goshi da ƙeya | dala 150 zuwa 400 | canjin tambari |
| Brodie Mk II | 1938 | 0.9 mm | kusan kilo 1 | sama kawai | dala 60 zuwa 200 | kaɗan |
| Stahlhelm M16 zuwa M42 | 1916 zuwa 1942 | 1 mm da ɗoriya | har kilo 1.4 | sama, gefe, ƙeya | dala 400 zuwa dubbai | da yawa ƙwarai |
| M1 | 1941 | kusan 1 mm | kilo 1.3 | sama, gefe, ƙeya | dala 200 zuwa 800 | haɗa sassan zamani daban-daban |
| SSh-40 | 1940 | 1.2 mm | kusan kilo 1.3 | sama da gefe | ƙasa da dala 100 idan ta bayan yaƙi ce | hatimin shekara |

Waɗannan kuɗaɗen na kasuwannin Turai da Amurka ne, suna hawa da sauka gwargwadon fenti da shafi, kuma ba a sa kuɗin aikowa ba. Kwaikwayo na kowace iri galibi bai kai dala 100 ba. Mai shigo da ita Najeriya ya tuna cewa kayan soja suna cikin abubuwan da kwastan ke tsarewa, kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne ke ba da takardar izinin irin waɗannan kaya. A nemi bayani kafin a biya dillali.

Ajiya

Kada a goge ta asali da sanfefa, kada a sake mata fenti, domin tsohon fentin shi ne rabin darajarta. A share ƙura da burushi mai laushi, a shafa kakin adana ƙarfe siriri. Damina tana kawo tsatsa da fumfuna, hunturu kuma yana busar da fata har ta tsage, saboda haka akwati mai rufi da ƙunshin sinadarin tsotse laima ya fi bango. Kada a rataye ta da maɗaurinta, kada a zuba wa fatar mai, yana baƙanta ta ya ruɓar da zare.

Wacce ta dace da wa

Mai fim a kan 'yan mazan jiya na Najeriya da Gana a yaƙin Bama, wato Runduna ta 81 a kwarin Kaladan da ta 82 a Arakan tsakanin 1944 da 1945, Brodie Mk II yake bukata, da raga a kanta, kuma kaɗan ma za su isa, domin a daji hular yadi mai faɗin baki suka fi sawa. Abokan gabarsu Japanawa ne, hularsu Type 90 ce mai tauraro a goshi, ana ɗaure ta da igiyar yadi. Stahlhelm ba ta da gurbi a wannan labarin.

Idan labarin na yaƙin Kamaru ne, na Garwa da Mora, kada a sayi hular ƙarfe ko ɗaya. Mora ta miƙa wuya a Fabrairun 1916, lokacin da Stahlhelm ke fara isa Verdun, kuma sojojin ɓangarorin biyu da hulunan yadi suka yi wannan yaƙin.

Mai ba da labarin sojojin Nijar a rundunar Faransa ya nemi Adrian mai ƙugiya: M15 don 1915 zuwa 1918, M26 don 1940. Daga saukar sojojin ƙawance a Provence ta kudancin Faransa a Agustan 1944 zai iya gauraya ta da M1, tunda Amurka ce ta ba su kaya a lokacin. Duk waɗannan, kwaikwayo ya fi dacewa da wurin ɗaukar fim, inda gumi da faɗuwa za su lalata ta asali cikin mako.

Makaranta ko ƙaramin gidan tarihi mai kuɗi kaɗan ya sayi Mk II ta asali da SSh-40 ta bayan yaƙi, ya ƙara da Stahlhelm ta kwaikwayo marar tambari. Da waɗannan uku ɗalibi zai ga bambancin kariya daga sama da kariya daga gefe da idonsa, ya kuma ɗaga su ya ji nauyi ba tare da fargabar asbestos ba.

Sabon mai tarawa ya fara da Mk II ko M1, inda maganaɗisu, haruffan maƙera da wurin haɗin baki za su gaya masa gaskiya. Stahlhelm ta jira sai hannunsa ya saba. Idan ya zo saye, ya zaɓi M40 ko M42 marar tambari mai shafinta na asali, daga dillalin da ya yarda a rubuce zai karɓi kayansa ya mayar da kuɗi idan aka gano an taɓa ta.